Filin Tambayoyin Masu Karatu: Wa Ke da Gaskiya a Kan Sanadin Talauci?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙu uku na zaɓa a wannan fitowa, biyu daga Jigawa, ɗaya daga Kano, kuma dukkansu a kan talauci suke da abin da mutane ke cewa shi ne mafarinsa. Na taƙaita su, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Malam, ni malamin firamare ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Taura. Bayan sallar isha'i mukan zauna a ƙofar gidan mai unguwa, kuma kwanan nan gardama ta sarƙe a kan abin da ya sa talauci ya yi mana katutu. Baffana ya ce ƙaddara ce, rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Wani ɗan kasuwa mai sayen hatsi a Gujungu ya ce lalaci ne da mutuwar zuciya, domin shi ma da hannu biyu ya fara. Samari kuwa suka ce shugabanni ne suka cinye ƙasa. Wane ne mai gaskiya a cikinsu?

AMSA: Malam, na gode, Allah ya saka maka da alheri a kan aikin koyarwa. Kafin in ce ga mai gaskiya, ina so ka lura da abu guda a zaman naku, wato kowane mai magana ya zaɓi bayanin da zai sauke masa nauyi daga wuya. Idan ƙaddara ce kaɗai, babu wanda za a tuhuma. Idan lalaci ne, maƙwabci ba shi da haƙƙi a kan mai sayen hatsi, tun da shi ya ja wa kansa. Idan kuwa shugabanni ne, laifin yana can Dutse ko Abuja, samari sai su ci gaba da zama a kan benci suna jiran ranar da za a gyara. Ban faɗi haka don in munana wa kowa zato ba, halin ɗan Adam ne, amma shi ya sa gardamar ba ta ƙarewa.

Maganar Baffa gaskiya ce ta fuskar imani, kuma babu Musulmin da zai ja da ita. Sai dai ƙaddara ta game komai, ciwo da lafiya, ruwa da fari, amma duk da haka idan yaro ya kwana da zazzaɓi ba wanda ke cewa an rubuta sannan ya naɗe hannu, a'a, ana bin sanadi ne, a nemi magani, a ɗaura gidan sauro. Lokacin da Sayyadina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba, aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya amsa da cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Annabi Yusuf, Alaihis Salam, da ya san shekaru bakwai na yunwa suna tafe, shawarar da ya bayar ita ce a yi noma a bar hatsi a zangarniyarsa a adana, wato abin da kakanninmu suke yi da dami da rumbu. Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya nemi tsari daga talauci a addu'arsa, kuma da abu ne da aka so a ƙyale yadda yake, da ba a wajabta zakka ba. Saboda haka ka ce wa Baffa, cikin ladabi, ka yarda da shi, amma tambayarku ta sanadi ce, ita kuwa tana nan ba a amsa ta ba.

Maganar lalaci ita ce ta fi rauni a cikin ukun, kuma ita ce ta fi ci mini rai, domin ana faɗar ta ne a kan mutanen da suka fi kowa wahala. A binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar a 2018 zuwa 2019, an ɗauki duk wanda abin da yake kashewa a shekara bai kai naira 137,430 ba a matsayin matalauci. Aka samu kashi 40 cikin 100 na 'yan Najeriya a ƙarƙashin wannan ma'auni, Kano kashi 55, Jigawa kashi 87, Legas kuwa ƙasa da kashi 5. Duk wanda ya ce lalaci ne sanadi, dole ya yarda cewa mutumin Jigawa ya fi na Legas ƙiwa ninkin-ba-ninkin, alhali idan ka je kasuwannin Legas ɗin da rani, masu dako da masu tura baro da 'yan ga-ruwa da yawansu 'yan ci-rani ne daga wannan yanki namu. Mutum ɗaya ne, hannunsa ɗaya, zuciyarsa ɗaya. Abin da ya bambanta shi ne abin da gumin nasa yake sayo masa a wurare biyun.

Bari in nuna maka yadda abin yake tafiya a gida guda, ka kuma duba ko ba ka san gidan ba a ƙauyenku. A ce magidanci ya ɗaure dami arba'in na gero da kaka. Kafin ya kai rumbu, ga mai bashin taki, ga wanda ya ba shi hatsi da damina a kan zai biya da ƙari idan an yi girbi, irin bashin da a wasu wurare ake kira falle, ga kuɗin magani, ga gudummawar biki da ba ya iya ƙin yi. Dole ya sussuke wani kaso ya kai kasuwa a watan Oktoba ko Nuwamba, lokacin da kowa yake sayarwa, farashi kuma yana ƙasa. Abin da ya rage zai kai shi bazara, idan ya tafi ci-rani ya rage wa gida bakin mutum ɗaya. Ruwa na sauka, a yi shuka, sai rumbu ya ƙare daidai lokacin noman farko. Da asuba sai ka gan shi da fartanya a kafaɗa, ya wuce gonarsa da ciyawa ta fara shaƙe gero, ko waiwayawa ba ya son yi, ya nufi gonar mai hali don yin ƙwadago, domin sai ya yi ne za a ɗora tukunya da daddare. Kuɗin ƙwadagon kuma da su zai auno tiyar gero a farashin Yuli ko Agusta, wataƙila ma geron da shi ya sayar da araha watanni tara da suka wuce. Kafin ya samu sukunin komawa tasa gonar lokaci ya ƙure, gero ya yi rawaya, maimai ma sai a gaggauce. Da kaka dami talatin zai ɗaure maimakon arba'in, bashi kuma ya ƙaru. Wanda ya bi ta gefen gonar ya ga ciyawa zai ce mai ita malalaci ne, alhali gonar da ya yaba a can gaba, wadda take fes, hannun wannan mutumin ne ya nome ta.

Wannan ba sabon abu ba ne. Wata mai bincike 'yar Ingila, Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina a 1967, daga baya kuma ta yi aiki a Ɗorayi kusa da Kano, ta lura cewa mafi talaucin magidanta talauci ne yake hana su noman kansa. Hausawa kuwa sun riga ta faɗa da suka ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai shanun huɗa yana shuka da ruwan farko, mai jiran aron garma sai an gama da shi. Mai rumbu biyu yana jiran farashi, mai rumbu ɗaya farashi ne yake jiran sa.

Akwai kuma faɗuwar da ke zuwa a dare ɗaya. Ina yaro, akwai wani maƙwabcinmu da kowa ya shaida da ƙwazo, har ana ba da misali da kunyoyin gonarsa. Matarsa ta samu matsala wajen haihuwa, aka ɗauke ta zuwa asibitin birni, aka yi mata aiki. Ya sayar da tumaki, bai isa ba, ya jinginar da gonar fadama, wadda ita ce ke ba shi kuɗin rani. Matar ta rayu, alhamdu lillahi, amma gonar ba ta dawo ba har ya bar duniya, kuma 'ya'yansa da ƙwadago suka tashi. Har yau ina ganin sa zaune a bakin zaure yana gyara ƙotar fartanya, ya yi shiru, ba ya shiga hira. Yawancin gidajen karkara tsakaninsu da irin wannan rana ciwo ɗaya ne, ko ambaliya ɗaya, ko gobarar rumbu.

Ba ina cewa babu laifin mutum ko kaɗan ba. Akwai wanda shekara za ta yi masa kyau, maimakon ya sayi ɗan maraƙi sai ya ƙara aure. Akwai wanda zai samu takin tallafi ya sayar a bakin hanya, akwai matashin da ƙwaya ta kashe wa zuciya, akwai biki da ake cin bashi don gudun gori. Waɗannan duk gaskiya ne, kuma ya kamata a riƙa faɗar su a majalisa da masallaci. Amma mai kuɗi ma yana yin irin wannan wauta, sai dai shi yana da abin da zai tare masa, ya yi kuskure goma bai faɗi ba, talaka kuwa ɗaya ya ishe shi.

Samarin naku sun fi kusa da gaskiya, matsalarsu ita ce sun yi maganar a dunƙule, maganar da aka dunƙule kuwa ba ta kama kowa. Tarihin yankin nan yana nuna cewa hukuncin masu mulki yana shiga har cikin tukunyar manomi. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar manoman ƙasar Kano ce ta gina dalar gyaɗa, amma daga baya hukumomin sayen amfanin gona suka riƙa yanka wa manomi farashin da bai kai na kasuwar duniya ba, rarar ta tafi wasu ayyuka. Farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka ƙarasa sana'ar, kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin gwamnati daga gona. Haraji da jangali, waɗanda Malam Aminu Kano da 'yan NEPU suka daɗe suna kuka a kansu, da kaka ake karɓar harajin, wato yana cikin abin da ke tilasta sayar da hatsi da araha, har sai da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke su a 1979, lokacin Jigawa tana cikin Jihar Kano. Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 ta raya noman rani a Kura da Kadawa da Bunkure, wannan alheri ne babba, amma ita da ta Challawa ta 1992 sun sauya tafiyar kogin Haɗeja, ciyawar kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama maɓoyar tsuntsaye jan-baki. A kusa-kusan nan, da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a nan Arewa cikin 'yan kwanaki, kuma duk mai injin ban-ruwa ya san abin da hakan ya yi wa lissafinsa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da manomin Taura ya yanke hukuncinsa.

To, idan kun sake zama, ina ba ka shawara ka sauya tambayar. Ku lissafa gida nawa ne a unguwar rumbunsu ke ƙarewa kafin Agusta, kuma nawa ne suka jinginar da gona cikin shekara biyar da suka wuce, da dalilin kowanne. Ku tambayi mai sayen hatsi, ba da nufin tozarta shi ba, a wane wata yake saye, a wane wata yake sayarwa, kuma wa yake sayar wa. Ku tambayi liman ko zakkar amfanin gona, ɗaya bisa goma ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin haka ga wanda aka shayar da wahala, tana fita a garin, kuma ko tana isa hannun mabuƙata ko tana tsayawa a hannun 'yan'uwa da masu faɗa a ji. Garin da ya iya tara hatsi da kaka a rumbun haɗin gwiwa, ya ranta wa magidanta da damina ba tare da ƙari ba, ya ba su damar nome gonakinsu a kan kari, kuma wannan bai buƙaci izinin kowa daga Abuja ba. Su kuma samari, su ɗauki abu guda mai suna, ko hanyar kasuwa, ko ɗakin shan magani da ba ma'aikaci, su bi shi har ofishin ƙaramar hukuma da takarda da sa hannu.

TAMBAYA: Malam, ni matar aure ce daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ɗambatta. Shekara uku da aurena. Maigidana ya sayar da shanun huɗarsa biyu ya yi lefe da sauran hidima, da ragowar ya sayi babur yana acaɓa. Da mai ya yi tsada sana'ar ta tsaya, yanzu abinci ma da ƙyar. Dangin miji suna cewa farar ƙafa gare ni, tun da na shigo arziki ya gudu, har uwar mijina ta daina amsa gaisuwata da sakin fuska. Shin da gaske mace tana jawo wa miji tsiya?

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya ba ki haƙuri, ya kuma yaye muku. Ki kwantar da hankalinki, ba ki jawo wa kowa komai ba, kuma amsar tambayarki tana cikin wasiƙarki. An sayar da shanu biyu, waɗanda su ne jarin gidan, su ke huɗa, su ke jan amalanke, su ke ba da taki, a kuma yi haya da su a gonakin wasu. An mayar da su akwatuna da abincin biki, abin da ya saura aka zuba a sana'ar da rayuwarta take rataye da farashin mai, man kuma ya ninka fiye da sau biyu a 2023. Ko wace mace aka aura a wannan gida, ko ma ba a yi auren da ke ba, lissafin haka zai fito. Masu acaɓa nawa ne a Ɗambatta da Kazaure suka jingine babur a waccan shekarar, har da waɗanda ba su da aure?

Farar ƙafa camfi ne, addini kuwa ya hana camfi. Na san wani zai kawo miki hadisin da ya ambaci shu'umci a mace da gida da doki, amma malamai sun yi dogon bayani a kansa, kuma an ruwaito Nana A'isha tana cewa Manzon Allah yana ba da labarin abin da mutanen jahiliyya suke faɗa ne. A Suratun Nur kuwa, aya ta 32, Allah ya yi umarni da a aurar da marasa aure, ya ce idan matalauta ne zai wadata su daga falalarsa. Abin da na lura da shi shi ne irin wannan zargi kullum a kan wanda ba shi da bakin kare kansa yake sauka, amarya baƙuwa, ko jaririn da aka haifa a shekarar fari, ko tsohuwar da ake cewa mai baki ce. Ba a taɓa cewa mai shawarar sayar da shanu ne mai farar ƙafa ba.

Kada ki yi musu da uwar mijinki, ki ci gaba da gaishe ta da kyautata mata, domin ita ma tsoro ne yake cin ta a kan ɗanta. Maigidanki shi ya kamata ya yi magana, tun da shi ya san yadda kuɗin suka tafi, kuma haƙƙinki ne ya kare mutuncinki a gidansu. Ki same shi a lokacin da ransa yake sanyi ki roƙe shi ya yi wa Inna bayani, idan ya ji nauyi ya nemi liman ko wani kawu mai hankali. Idan kina da 'yar sana'a, ƙuli-ƙuli ko saƙar hula ko kiwon akuya, ki riƙe ta da kyau, ki shiga adashi da matan da kika yarda da su, ki kuma san cewa abin da kika tara naki ne a shari'a, taimakon da za ki yi da shi kyautatawa ce.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne daga Auyo. Kullum a rediyo ina jin ana cewa yawan haihuwa ne ya talauta Arewa. Mahaifina kuwa cewa yake kowane yaro da arzikinsa yake zuwa. Mu goma sha huɗu ne a gidanmu.

AMSA: Ɗana, mahaifinka yana jingina ne da ayar da ta hana kashe 'ya'ya don tsoron talauci, kuma arziki na Allah ne babu shakka. Su ma masu rediyo suna da abin dubawa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa mace a Arewa maso Yamma tana haihuwar kimanin 6.6 a tsawon rayuwarta, a ƙasa baki ɗaya kuwa 5.3, gona kuma ba ta haihuwa. Gonar da ta riƙe kakanka ita za a raba muku gado, kowa ya samu ɗan falle, kuma ƙasar da ake nomawa kowace shekara babu hutu sai da taki take bayarwa.

Amma abin yana tafiya ta fuska biyu. Inda yara suke yawan mutuwa kafin shekara biyar, inda babu fansho sai ɗa, inda aikin gona na hannu ne, inda yarinya ba ta da makarantar sakandare kusa, iyaye za su haifi da yawa, kuma a wurinsu hankali ne. Ƙasashen Musulmi irin su Bangladesh da Indonesiya haihuwa ta ragu ne tare da raguwar mutuwar yara da ƙaruwar karatun mata. Ku kuma mutanen Auyo kun san cewa ambaliyar 2022 ba ta ƙirga 'ya'yan kowa ba kafin ta kwashe shinkafa, mai biyu da mai goma sha huɗu tare suka kwana a makarantar firamare.

Kada ka je ka tuhumi mahaifinka da abin da ya riga ya wuce, ƙannenka mutane ne, ba kuskure ba. Abin da yake hannunka shi ne ka tsaya ka ga ƙannenka mata sun gama makaranta kamar yadda kake yi, idan kuma lokacin naka auren ya zo, kai da matarka ku je asibiti ku nemi bayani a kan tazarar haihuwa, wadda malamai da yawa suka halatta don lafiyar uwa da ta yaro, ku kuma tambayi malamin da kuka amince da iliminsa.

Wasiƙar da ta zo daga Birnin Kudu a kan jinginar gona da hukuncin cin amfaninta, in Allah ya yarda ita za mu fara da ita a fitowa ta gaba.